Maƙeri da Mai Gyaran Agogo: Mai Fasaha da Jama'arsa a Adabin Amurka na Ƙarni na 19

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina aji uku a sashen Turanci, kuma a kwas ɗin adabin Amurka an ba mu aiki kan saɓanin da ke tsakanin mai fasaha da ke bin burin zuciyarsa da jama'ar da ba su san komai ba sai abin da ke da amfani a hannu. Na lura wannan jigo yana ta dawowa a ƙagaggun labaran ƙarni na 19. Me ya sa abin ya dame su haka? Kuma marubutan nan, kullum mai fasahar suke bai wa gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Bari in fara da tambayarki ta biyu, don a nan ɗalibai suka fi yin tuntuɓe. Ba kullum suke bai wa mai fasaha gaskiya ba. Gwanayen cikinsu sukan bar wa maƙeri da ɗan kasuwa da lauya hujjarsu cikakkiya, ba sa mayar da su dodanni. Akwai tambaya guda da nake so ki riƙa yi wa kowane labari daga cikin waɗannan: wa ke ciyar da mai fasahar nan a lokacin da yake bin mafarkinsa? Ni dai duk shekarun da na yi ina koyar da su, da wannan tambayar nake rarrabe su.

Labarin da aka fi kawowa shi ne na Nathaniel Hawthorne, The Artist of the Beautiful, wanda ya fito a mujalla a 1844, sannan ya shiga kundinsa Mosses from an Old Manse a 1846. Da dare labarin ya buɗe. Wani dattijo, Peter Hovenden, tsohon mai gyaran agogo da raunin ido ya sa ya bar sana'a, yana tafe da 'yarsa Annie, suka biyo ta gaban shagon da ya bar wa yaronsa Owen Warland. Ta taga suka hango Owen ya duƙufa ƙarƙashin fitila kan wani ɗan mitsitsin abu, kuma tsohon, da yake ya san aikin, nan take ya gane ba agogo ake gyarawa ba. Suna ƙara 'yan taku sai ga maƙerar Robert Danforth, wuta na tashi tana lafawa daidai da numfashin zugazugi, ƙaton mutum yana dukan ƙarfe. A nan tsohon ya tsaya yana yabo, ya ce ga wanda ke zuba ƙarfinsa a kan abu na zahiri. Tun shafin farko Hawthorne ya jera miki su biyu a titi ɗaya.

Owen tun yana yaro furanni da tsuntsaye yake sassaƙawa. An taɓa kai shi ya ga injin tururi, da zaton zai burge shi, sai fuskarsa ta ɗashe, ya rasa sukuni kamar ya ga wani mugun abu. Da shago ya dawo hannunsa, in an kawo masa agogon gida gyara sai ya ƙara masa abin da ba a sa shi ba: kiɗa, ko 'yan mutum-mutumi goma sha biyu da ke wucewa a fuskar agogon a madadin sa'o'i. Masu kawo aiki suka watse. Ki lura da wannan wurin sosai, domin mutanen garin ba zaluntarsa suka yi ba. Wanda ya kai agogo gyara lokaci yake so ya sani. Kuma da Owen ya taɓa ajiye mafarkinsa na ɗan lokaci ya daidaita babban agogon hasumiyar coci, gari duka yaba masa ya yi, daga ɗan kasuwa har mai jinyar da ke bai wa majiyyaci magani a kan kari.

Abin da yake ƙerawa a ɓoye malam-buɗe-littafi ne na ƙarfe, wanda zai tashi kamar mai rai. Sau uku aikin yana rushewa kafin ya kammalu. Na farko, bayan Danforth ya kawo masa wata 'yar ƙaramar uwar maƙera da ya ƙera masa, hankalin Owen ya dagule, hannunsa ya goce, aikin watanni ya lalace. Na biyu, Annie ta taɓa abin da tsinin allura cikin wasa. Na uku, da kansa ya farfasa shi ranar da ya ji an yi wa Annie baiko da maƙerin. A tsakanin na biyu da na uku akwai jimla ɗaya da masu karatu kan tsallake: wani ɗan'uwansa ya rasu ya bar masa ɗan gado, wanda ya ɗauke masa nauyin neman na abinci. Da farko giya ya kai kuɗin, sai wata rana malam-buɗe-littafi na gaske ya shigo ta taga ya kewaya kansa, ya ture kofin ya koma aiki. Ki riƙe maganar gadon nan, za mu dawo kanta.

A ƙarshe, wani daren hunturu, ya je gidan Danforth da Annie, sun riga sun haihu, tsohon ma yana nan. Ya miƙa wa Annie wani ɗan akwati na baƙin katako a matsayin gudummawar biki da ta makara. Tana buɗewa abin ya tashi, ya sauka a yatsarta yana kaɗa fukafukai masu launin shunayya da ɗigon zinariya. Ta yi ta tambaya ko rai gare shi. Danforth ya yaba da gaske, amma bai ɓoye ra'ayinsa ba, ya ce bugu ɗaya na gudumarsa ya fi amfani a kan shekara biyar da Owen ya ɓata a kan wannan. Da abin ya sauka a yatsar tsoho Hovenden sai haskensa ya dushe kamar zai mutu. Daga bisani jaririn, da irin kallon kakansa a idonsa, ya cafke shi ya matse. Annie ta yi ƙara, tsohon ya fashe da dariyar raini, uban ya buɗe hannun yaron da ƙarfi, ba komai ciki sai ɓarɓashi mai ƙyalli. Owen kuwa ko gezau. Mai ba da labarin ya ce ai tuni ya kama wani malam-buɗe-littafin daban, na cikin rai, don haka rushewar alamarsa ba ta dame shi ba.

Ina son wannan labarin ƙwarai, amma natsuwar Owen a ƙarshe ba ta taɓa gamsar da ni gaba ɗaya ba, kuma ina jin Hawthorne ma bai so ta gamsar ba. Danforth mutumin kirki ne. Yana da mata, yana da ɗa, yana da murhu mai ɗumi, ba ya riƙe kowa a zuci. Owen ya zo shi kaɗai, zai koma shi kaɗai. Sannan abin da ya murƙushe fasahar ɗa ne mai rai, wanda maƙeri da Annie suka kawo duniya, alhali abin da Owen ya kawo kwaikwayon rai ne. A duk lokacin da na karanta wannan wurin a aji, kusan rabin ɗalibai bayan maƙeri suke bi, kuma ban taɓa ce musu sun yi kuskure ba.

Yanzu ga tambayarki ta farko. Abin ya dame su ne domin a cikin gidajensu yake. A watan Maris na 1844 aka haifa wa Hawthorne 'yarsa ta fari, yana zaune gidan haya a Concord, mujallu na jan ƙafa wajen biyansa, kuma a shekarar da ta biyo sai da suka bar gidan. Kafin nan ya yi aikin auna gawayi da gishiri a kwastan na Boston daga 1839, ya kuma gwada zaman gonar haɗin gwiwa ta Brook Farm a 1841, inda ya tarar wanda ya wuni yana kwasar taki ba ya iya rubutu da dare. A 1846 aka ba shi aikin kwastan a garinsu Salem, a 1849 aka sallame shi saboda gwamnati ta koma hannun wata jam'iyya. A gabatarwar The Scarlet Letter, 1850, ya kwatanta kakanninsa 'yan Furitan, wato Kiristoci masu tsananin riƙon addini, suna duban sa daga kabari suna tambayar juna: mai rubuta littattafan labarai, wace irin sana'a ce wannan, ta ina take ɗaukaka Allah ko ta amfani mutane, ai da shi da mai goge duk ɗaya. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa bayanin nauyin wannan maganar. Muryar Peter Hovenden ke nan, kuma daga cikin jinin marubucin take fitowa.

Bayan tarbiyyar Furitan akwai batun ubangida. A Turai mai zane ko mawaƙi kan sami sarki, ko coci, ko wani mai sarauta da zai riƙe shi, kamar yadda makaɗin fada yake da wanda ke ba shi gida da doki da sutura. Amurka jamhuriya ce sabuwa, ba fada, don haka kasuwa ce kaɗai ubangida. Kasuwar ma karkatacciya ce. Dokar haƙƙin mallaka ta 1790 'yan ƙasa da mazauna ƙasar kawai ta kare, saboda haka maɗaba'a na iya buga littafin marubutan Birtaniya irin su Walter Scott ko Charles Dickens ba tare da ta biya su ko sisi ba. To me zai sa ta biya ɗan gida da ba a san shi ba? Dickens ya koka da wannan a ziyararsa ta 1842, amma sai 1891 aka yi dokar da ta kare marubutan waje. Henry David Thoreau ya buga littafinsa na farko a 1849 da kuɗinsa, kwafi 1,000, bayan shekara huɗu aka mayar masa da 706 da ba su shiga ba, ya jibge su a ɗakinsa.

Sannan zamani ne na inji: masaƙun Lowell, mashigin ruwa na Erie da aka buɗe a 1825, layin dogo na ta miƙewa. Wani abu da nake yawan nuna wa ɗalibai shi ne, 'yan makonni kafin labarin Owen ya fito, a ranar 24 ga Mayu 1844, Samuel Morse ya aika saƙon tangarahu daga Washington zuwa Baltimore. Morse ɗin nan mai zane ne ƙwararre, ya yi karatun zane a Landan, ya so ya zama babban mai zanen tarihin ƙasarsa. Bai sami kasuwa ba, aka kuma hana shi aikin zanen ginin majalisa da ya ɗora wa rai, sai ya ajiye buroshi ya koma kan waya da lantarki, a nan ya sami suna da dukiya. Mai karatu na 1844 yana ganin da idonsa abin da ƙasarsa ke saka wa mai basira in ya karkata ta zuwa ga amfani.

Herman Melville ya fi Hawthorne shan wuya, kuma ba ya lallashin kansa da natsuwa irin ta Owen. Littattafansa biyu na farko, Typee a 1846 da Omoo a 1847, labaran tsibiran tekun Fasifik ne, sun karɓu. Da ya nemi ya zurfafa sai masu saye suka ja baya. A wata wasiƙa da ya rubuta wa Hawthorne a 1851, yana tsakiyar aikin Moby-Dick, ya ce dala ta tsine masa: abin da zuciyarsa ta fi son rubutawa ba ya kawo kuɗi, ɗaya hanyar kuma ba zai iya bin ta gaba ɗaya ba, shi ya sa aikinsa ke fitowa a cakuɗe. Moby-Dick bai yi kasuwa ba. Pierre, 1852, wanda jaruminsa matashin marubuci ne da ke daskarewa a wani ɗaki a New York yana rubuta littafin da maɗaba'a za ta yi watsi da shi, ya sa wata jarida ta buga cewa Melville ya haukace.

A 1853 ya fitar da Bartleby, the Scrivener. Wani lauya a Wall Street, titin hada-hadar kuɗi na New York, ya ɗauki Bartleby, magatakarda mai kwafar takardun shari'a, ana biyansa santi huɗu kan kowace kalma ɗari. Da farko yana kwafa dare da rana, sai wata rana ya fara amsa kowane umarni da cewa ya fi son kada ya yi, cikin ladabi, ba faɗa, ba bayani. Daga baya ya daina kwafar, ya ƙi barin ofis, aka kai shi kurkuku, ya ƙi cin abinci, ya mutu a gindin katanga. Ki yi hattara a rubutunki: Bartleby ba mai fasaha ba ne a zahirin labarin, ba ya ƙirƙirar komai. Masu nazari ne ke ganin hoton marubucin da ya ƙi ci gaba da kwafar abin da kasuwa ke so, kuma karatu ne mai ƙarfi, amma ki faɗe shi a matsayin fassara. Abin da ya fi muhimmanci ga tambayarki shi ne lauyan ne ke ba da labarin. Mutum ne mai son zaman lafiya, ya ba Bartleby kuɗi, har gidansa ya ce ya zo ya zauna. Melville ya sa mu cikin kan mai hankalin duniya, muka ga iyakar inda tausayinsa ke tsayawa, wato daidai inda abokan sana'a suka fara tsegumi. Melville kansa daga 1866 ya zama sufeton kwastan a tashar jiragen ruwan New York, dala huɗu a rana, shekara 19, ya rasu a 1891 kusan an manta da shi.

Henry James ya juya tambayar ta wata fuska. A The Madonna of the Future, 1873, wani Ba'amurke mai zane ya yi shekara ashirin a Florence yana shirin zana hoto guda da zai gagara. Matar da ya zaɓa ya zana ta tsufa bai lura ba, kuma da ajali ya kusa aka tarar da ƙyallen zanen fayau, ya tsattsage don tsufa, ko ɗigo babu. A nan ba wanda ya hana shi, burin ne ya yi girman da ya shanye hannun. Mata kuwa nasu Hovenden a cikin gida yake. A The Story of Avis na Elizabeth Stuart Phelps, 1877, aure da reno da jinya ne suka cinye hannun mai zane. Hawthorne bai yi musu adalci ba, don a wata wasiƙa ta 1855 ya yi wa mata marubuta kuɗin goro da kalmar zagi, saboda littattafansu sun fi nasa shiga kasuwa. Da yawansu da alƙalamin nan suke ciyar da iyali, ba su da gatan da za su zauna shekara biyar kan abu ɗaya.

Wannan ya kawo mu labarin da nake ganin ya kamata ki ɗora aikinki a kansa, ki jera shi da na Hawthorne: Life in the Iron Mills na Rebecca Harding Davis, wanda ya fito a mujallar Atlantic Monthly a watan Afrilu 1861, watan da yaƙin basasa ya ɓarke. Ta tashi a Wheeling, garin masana'antun ƙarfe a bakin kogin Ohio, kuma hayaƙin garin ne ya buɗe labarin. Hugh Wolfe lebura ne ɗan asalin Wales, yana juya narkakken ƙarfe a tanderu cikin dare, tarin fuka na cinsa. In ya sami sarari sai ya ɗauki kashin ƙarfe, wannan dusar da ake zubarwa bayan an tace tama, ya yi ta sassaƙa da wata dakusasshiyar wuƙa, in ya gama ya farfasa. 'Yar'uwarsa Deborah, mai ƙusumbi, ma'aikaciyar masaƙa, ita ke ratsa ruwan sama da tsakar dare ta kai masa abinci.

A wannan daren manyan baƙi suka shigo kallon masana'anta: Kirby ɗan mai kamfanin, surukinsa Mitchell mai ilimi da ɗanɗano, da wani likita, Dokta May. Suka yi kiciɓis da mutum-mutumin wata mace a duhu, a tsugune, ta miƙa hannuwa kamar mai kururuwa, har suka tsorata. Suka tambayi Hugh me take nufi. Ya ce yunwa take ji. Likitan ya ce jikinta bai nuna yunwa ba, Hugh ya yi ta laluben kalma, ya ce ba yunwar nama ba, wani abu ne da zai sa ta rayu. Ki dubi abin da ya biyo. Babu wanda ya raina aikin. Dukansu sun gane basira ce. Likitan ya ce masa zai iya zama babban mai sassaƙa. Hugh ya dube shi ya ce to zai taimake shi? Likitan ya ce ba shi da hali. Kirby ya ce shi hakkin da ke kansa albashi ne ranar Asabar, sauran ba ruwansa. Mitchell ya fahimci komai fiye da kowa, ya yi sharhi mai kyau, ya hau karusa ya tafi. Deborah da ke kwance kan tokar ta ji ana cewa kuɗi ne maganin, sai ta zare kuɗi daga aljihun Mitchell ta kai wa Hugh. Ya kwana yana kokawa da zuciyarsa, bai mayar ba. Aka yanke masa shekara 19, ita shekara 3. A kurkuku ya wasa wani guntun gwangwani a jikin ƙarfen taga ya yanke jijiyarsa.

Ga inda gadon Owen ya dawo. Owen zai iya kallon ɓarɓashin aikinsa ya natsu domin yana da shago, yana da sana'a, yana da abin da ɗan'uwa ya bari. Hugh basirarsa ba ta gaza ta Owen ba, kuma jama'arsa ma sun fi na Owen gane fasaha, amma babu mai ɗauke masa aikin dare ɗaya. A wurin Hawthorne saɓanin tsakanin ruhi ne da ƙarfe. Davis ta sa wa ƙarfen mai shi, da albashi, da alƙali. In kika rubuta wannan bambancin da misalai daga shafukan biyu, kin amsa tambayar da aka ba ku, kuma kin wuce abin da aka saba maimaitawa.

Davis ta kai ziyara Concord a 1862 ta gana da Hawthorne, wanda labaransa ne suka fara sa mata sha'awar rubutu tun tana yarinya. Ita ma kasuwa ba ta ƙyale ta ba. Editan mujallar, James T. Fields, ya mayar mata da littafinta na gaba, Margret Howth, ya ce duhunsa ya yi yawa, ta sake shi ta ƙara masa haske don ya shiga. Labarin Hugh Wolfe ya ɓace daga hannun masu karatu shekaru masu yawa, sai 1972 marubuciya Tillie Olsen ta sa aka sake buga shi. Ki nemi shi da na Hawthorne ki karanta da kanki kafin ki taɓa sharhin kowa, dukansu gajeru ne, yammaci ɗaya ya ishe ki. Allah ya ba da sa'a.